Sawun da Aka Share da Sabara

Shekara ashirin da biyu ina bin sawu a ƙasar Gwaram. Na bi ɓarayin shanu daga Dingaya har bayan Basirka, na taɓa dawo da raƙumi daga ƙasar Bauchi bayan kwana shida, kuma duk mai nemana da "Malam Yunusa, don Allah" yake farawa. Aikin da ya fi kowanne tsaya mini a rai kuwa ba saniya a cikinsa, ba ɓarawo. Bahaya aka ce in bi, a garinmu, kuma har yau in na tuna kunya ce take rufe ni.

Ranar Asabar ce, tsakiyar damina. An yi ruwa mai ƙarfi, da safe mata suka je fanfon tuƙa-tuƙa suka tarar ruwan da ya gangaro daga kwari ya tono ƙazantar mutum ya kawo ta har gindin dakalin fanfon. Fanfon nan shi kaɗai ne ruwan shan garinmu Kwarin Marke. Taku goma daga wajen kuma ga allon da muka kafa da hannunmu, an rubuta da koren fenti cewa garin nan ya daina bahaya a fili.

Kafin in iso har an cika. Malam Abdulnasir, shugaban kwamitin ruwa da tsafta, yana tsaye a tsakiya da usur a wuya. Tsohon malamin firamare ne, ya bar aji amma ajin bai bar shi ba, duk garin yake ɗauka 'yan aji uku. Shi ne bara ya ba kowane gida mako uku ya haƙa masai, ya bi ƙofa-ƙofa da alli yana sa alama. Shi ne kuma ya tsara dokar da muka amince da ita gaba ɗaya: wanda aka kama yana bahaya a fili, sankira zai faɗi sunansa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, gidansa kuma ba zai taɓa fanfo ba har wata guda. Ga shi masu duba gari za su dawo nan da mako biyu su ga ko mun cancanci allonmu.

Ba a nemi mai laifi da nisa ba. Bayan kwarin akwai rugar Hambali, Bafulatanin da ya sauka a wajenmu shekara shida da suka wuce, mai shanu goma sha da 'yar gonar dawa, wanda Hausa ta fi Fillanci zama a bakinsa. Wani ya ce ai mutanen daji ba su san masai ba, wani ya ce haka ne, shi ke nan magana ta zauna. Aka ɗaura wa hannun fanfo sarƙa da kwaɗo, mabuɗi a aljihun Malam Abdulnasir, za a riƙa buɗewa safe da yamma. Hapsatu matar Hambali tana cikin layi da jarka biyu, aka ce ta koma har sai gaskiya ta fito.

Sharifa, malamar tsafta da ke zuwa mana a babur daga Dingaya, ita kaɗai ta yi magana. Ta nuna tsagar da ke jikin dakalin, ta ce ta nan ƙazanta take shiga, a liƙe ta da siminti, za ta zuba magani, kowa kuma ya tafasa ruwan shansa. Sannan ta ce in aka hana gidan Hambali fanfo, kududdufi za su koma, kuma kowa ya san abin da ke cikin kududdufi da damina. Malam Abdulnasir ya ce doka ba ta san kududdufi ba. Ya juyo ya ce mini ga aiki ya samu, matasa suka ƙyalƙyale da dariya, ni ma na yi 'yar tawa don kada a ga raina ya ɓaci.

*

Gindin fanfo ba abin karantawa, ƙafa ɗari ta tattake shi. Na hau kwarin ina duba ƙarƙashin itatuwan geza. A wata lanƙwasa da ba a hangowa daga gari na sami ramin da ruwa ya tona, kusa da shi wasu da yawa da bai kai gare su ba. Kowanne zurfinsa ya kai kamu ɗaya, an haƙa da ƙaramar fartanya, an mayar da ƙasa an danne, har ganye aka watsa a kai. Wanda ya yi wannan ba ƙazami ba ne, mutum ne mai ɓoye abin da yake jin nauyinsa, kuma ya daɗe yana zuwa.

Sawu kuwa babu. Gefen kwarin fa ne shimfiɗaɗɗe, irin dutsen ƙasarmu, mutum zai yi tafiya a kansa bai bar komai ba. Inda fa ya ƙare ruwan sama ya wanke sauran. Na dawo hannu biyu, na ce musu ƙasa ba ta yi magana ba tukuna.

*

Da la'asar na je ruga. Hambali bai yi mini musu ba, bai yi rantsuwa ba, sai ya ce in biyo shi. Bayan bukkoki ya nuna mini masai kewaye da zana, an rufe bakinsa da tsohon faranti, ga gwangwanin toka a gefe, ga buta a rataye. Na duba hanyar da ta je wajen, ƙafafun gidan duka sun daddale ta, manya da yara. Gaskiya ya fi nawa tsafta, ban dai faɗa masa ba.

'Yarsa Kubra, mai shekara huɗu, tana bin mu tana riƙe da gefen rigarsa. Idon mai bin sawu ba ya hutawa, na lura ƙafarta ta hagu tana ɗan karkata ciki in ta taka. Hapsatu tana gefe tana tace ruwan kududdufi da mayafi, ruwan ja kamar an dama kunun kanwa. Itace duk ya jiƙe, wutar da za ta tafasa shi sai hayaƙi take yi.

"Malam Yunusa," in ji Hambali, "shanuna ma ba na so su sha a can in da hali. Yanzu shi 'ya'yana suke sha. Kwana nawa aikinka zai ɗauka?"

Na ce masa ba zai daɗe ba. Na koma na gaya wa Malam Abdulnasir cewa ba Hambali ba ne, na ga masansa da idona. Ya ce mai masai ma yana iya kasala. In kawo masa wanda ya yi, a ranar zai buɗe wa Hapsatu fanfo da hannunsa.

*

Lahadi da Litinin na ɓata su a kan Kamaluddeen. Shi ne makanikin fanfo kafin su yi faɗa da Malam Abdulnasir a cire shi daga kwamiti, kuma mutum uku sun ce sun ji shi yana cewa allon nan sai ya sauko. Masan gidansa ya rufta tun ruwan farko. Ga kuma sawun tayar babur ɗinsa a bakin kwari kusan kullum. Na ji daɗin wannan zargin fiye da yadda ya kamata, don Kamaluddeen bakinsa ba linzami, ba wanda zai yi kuka in sankira ya kira sunansa.

Na same shi a rumfarsa yana faci. Ya tashi ya gaishe ni da girmamawar da ta fi zagi ciwo, ya tambaye ni ko yanzu da hanci nake aiki ko har yanzu da ido. Bakin kwari, ya ce, wankin babur yake kai shi. Batun masai kuwa in je in tambayi maigadin makaranta wanda yake ba shi mabuɗi kowace safiya. Na je, maigadi ya tabbatar, sawun Kamaluddeen kuma yana nan daga ƙofarsa zuwa makaranta, mai cin dunduniyar dama.

Da na dawo ta rumfar ya kira ni, wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce tsagar dakalin nan ya nuna wa kwamiti tun kafin damina, abin da ya haɗa su faɗa ke nan. Tun jiya ya liƙe ta da sauran simintinsa ba wanda ya sa shi. Na ba shi haƙuri a ciki-ciki na wuce.

*

Ranar Talata aka yi yayyafi kafin asuba, irin wanda yake kwantar da ƙasa bai wanke ta ba. Ina idar da salla na tafi kwari. Ga sabon rami. Na bar shi na bi fa zuwa wajen gari, har inda ya ƙare a filin yashi na bayan makaranta, wajen taku arba'in kafin gidaje. Duk wanda ya fito daga gari zuwa kwari dole ya taka yashin nan.

Ba sawu a kansa, sai shara. An ja reshen sabara a baya, an karkata shi yadda ganyen zai cike gurbin ƙafa bai bar layi ba. Wani zai wuce ya ce iska ce. Na tsuguna ina yaba aikin a raina, don ni kaina da ƙyar zan yi wanda ya fi shi. Na bi sharar. Ta miƙe sambal kamar taku ashirin, sai ta lanƙwasa hagu, ta yi rabin da'ira, ta dawo kan layinta ta ci gaba. Na duba abin da ta kauce wa. Ba ƙaya, ba rami, ba gidan tururuwa, yashi ne fili inda yara suke buga ƙwallo kullum.

Sai na ji kunnena na dama ya yi zafi, kamar yanzu aka murɗe shi.

Nan tsohuwar rijiyar garinmu take. Ina goye aka ce ta rufta. Ƙanin mahaifina, Ahmad, shi ya shiga yashe ta a wata shekarar da ruwa ya yi wuya, ƙasa ta zubo masa. Kwana biyu ana tono ba a kai gare shi ba, malamai suka ce a yi masa salla a bakinta a cike ta. Shekara arba'in da biyar ke nan. Waɗanda suka sani sun mutu ko sun manta, masu rai suna bi ta kai da kekuna. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya taka wajen, shi ne ya murɗe mini kunne ina ɗan shekara bakwai don na bi ta kai a guje. Shi ne kuma ya koya mini yadda ake jan sabara.

Na daɗe a tsugune. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'ar nan, na sa ƙafa na tattake sharar daga farko har ƙarshe.

*

Mahaifina, Baba Abdulsalami, ya haura saba'in da biyar, gwiwoyinsa sun gaji, idonsa dai yana nan. Ɗakinsa yana jikin zaure. Ranar da aka kafa fanfo shi ya fara tuƙa shi, ya sha, ya wanke fuska ya daɗe yana wankewa, yanzu na san dalili. Da aka zo maganar masai ma shi ya fara cewa a yi.

Na shiga gida na tsaya a tsakar gida ina kallon masanmu kamar yau na fara ganinsa. Lokacin da Malam Abdulnasir ya ba mu mako uku, na zagaya gidan da sanda ina neman inda ƙasa ta fi laushi, don kada in sha wuyar haƙa. Na samu a bayan ɗakin matata Ummussalma. Duk mai zuwa sai ya ratsa tsakar gida da butarsa, ya bi ta gaban murhunta, ya wuce ƙofar ɗakinta. Ita ce kuma mai wanke shi kowace safiya. Baba kuwa, shekara goma sha tara da auren nan, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cin abinci tana gani ba, in zai shiga cikin gida sai ya yi gyaran murya sau biyu a zaure.

Na tambayi Ummussalma ko ta taɓa ganin Baba ya shiga. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce ko sau ɗaya. Watannin farko takan fake da aike ta tafi maƙwabta da sassafe don ta ba shi wuri, in ta dawo sai ta tarar ba a taɓa murfin ba. Na ce me ya hana ta gaya mini.

"Da wane bakin zan yi maka maganar bayan gidan mahaifinka?" ta ce. "Kai da kake ganin sawun akuya a kan dutse, na ɗauka ka gani."

Da yamma na zauna da Baba a zaure. Yana gyaran igiyar guga da ba a amfani da ita yanzu. A bayan tabarmarsa na hango ƙotar ƙaramar fartanya, da danyar ƙasa a bakinta. Ya tambaye ni ya aiki, na ce ana fama. Ya ce ƙasa ba ta ƙarya, sai dai mai karanta ta. Na ce haka ne, Baba. Na buɗe baki sau uku, na rufe. Ɗa ba ya tambayar ubansa wannan, ko a gari ko a daji.

*

Maimakon in je wajen Malam Abdulnasir, sai na ɗauki diga. Na fara haƙa sabon masai a gefen zaure, ta waje, inda ƙasa take da tsakuwa. Na gaya wa kaina in na gama Baba zai daina zuwa kwari, magana ta mutu, ba sunan wanda za a kira. Da kwamiti suka tambaye ni, na ce ina bin wasu 'yan ƙwadago da suka zo noma daga wajen Wurno. Mutanen nan ba su san hawa ba ba su san sauka ba, na sa aka yini ana musu kallon banza.

Batun Hapsatu da jarkokinta kuwa na ture shi gefe. Na ce ai kwana biyu ne, ai Fulani sun saba da ruwan daji. Maganar da na ji haushinta a bakin mutane ranar Asabar, ita na riƙa faɗa wa kaina ranar Laraba.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin rami har ƙugu, na ji babur ya tsaya. Sharifa ce. Daga ruga take, ta ce Kubra tana amai da gudawa, ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta bar musu magani, amma yarinyar ta yi laushi sosai. Ta kai musu jarka ɗaya a ɓoye, jarka ɗaya kuwa ba ta isar gida mai mutum shida. Ta dubi ramin, ta dubi ɗakin Baba, ta leƙa ta zaure ta hango inda tsohon masan yake. Yarinya ce da na girme wa nesa, amma na kasa haɗa ido da ita.

"Malam Yunusa, mai masai ba ya haƙa na biyu da tsakiyar damina don nishaɗi," ta ce. "Ba zan faɗa ba, ba aikina ba ne. Amma gobe Juma'a."

*

Bayan an sauko daga masallaci mai gari ya tara mu a gindin marke. Aka zaunar da Kamaluddeen a gaba, da 'yan ƙwadagon Wurno uku. An aika wa Hambali, bai zo ba, nan take aka fara cewa ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya gudun taro. Dattawa suna kan tabarma, Baba a cikinsu, yana jan carbi. Sankira yana tsaye yana jiran suna.

Malam Abdulnasir ya hura usur, ya ce in yi bayani. Na wanke Kamaluddeen, na faɗi maigadin makaranta da simintin da ya liƙe dakali. Na wanke mutanen Wurno, na ce ban taɓa ganin sawunsu a kwari ba, ni na jawo musu. Na wanke Hambali, na ce masansa ya fi na rabin mutanen da ke zaune a nan. Malam Abdulnasir ya ce to wane ne.

Na ce sawun daga gidana ya fito, ni ne.

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Kamaluddeen ya kalle ni baki buɗe. Na ga Baba ya ajiye carbi, ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe a hankali.

"Yunusa," ya ce, "na koya maka bin sawu, ban koya maka yi wa ƙasa ƙarya ba. Zauna."

Na zauna. Ya juya wajen mai gari, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ne, shekara guda ke nan. Da rani yakan yi nisa, da damina ta zo gonaki suka rufe, gwiwa kuma ta ƙi, sai ya koma kwari. Ya ɗauka in ya zurfafa rami ya isa, bai san ruwa zai tono ba. Tun ranar Asabar yake neman bakin da zai faɗa bai samu ba, yana ganin matar Hambali tana wucewa da ruwan kududdufi. Mai gari ya tambaye shi, cikin ladabi, ko ba masai a gidan.

"Akwai," in ji Baba. "A ƙofar surukata yake. Ni na cike rijiya a kan ɗan'uwana saboda ruwa, ga shi na ɓata wa jikokinku nasu don na kasa wuce murhun yarinya da buta. A faɗi sunana, doka ce."

Can sai Alhaji Aminullahi ya yi gyaran murya. Shi ne mahaifin Malam Abdulnasir. Yana kallon tabarma ya ce shi ma bai taɓa shiga na gidansu ba, bayan gonar liman yake zuwa, Allah ne ya sa ba ta gangarowa fanfo. Wani tsoho a gefensa ya ce shi kam rage cin tuwon dare ya yi, yana jira sai ranar da matan gida suka tafi biki ko suna. Aka lissafa da ido, dattawa shida ne a tabarmar, huɗu sun sunkuyar da kai. Gidaje sittin muka sa wa alamar alli, ba ɗan da ya tambayi ubansa a ina za a haƙa.

Malam Abdulnasir ya cire usur daga wuyansa ya sa a aljihu. Ya fito da mabuɗi ya miƙa wa Kamaluddeen. Sankira ya tambayi mai gari sunan wa zai kira. Na ce ya fara da nawa, don Baba kunya ta hana shi magana, ni kuwa na gano tun Talata na tattake sawun da ƙafata. Wannan ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi. Baba ya juyo ya kalle ni, kallon ya fi murɗar kunnen nan zafi.

*

Ummussalma ta tafasa ruwa ta cika ƙaramar jarka. Baba ya ce shi zai kai, na ce in ɗauka masa, muka tafi ruga a hankali saboda gwiwarsa. A filin yashi ya kauce hagu, na bi bayansa.

Mun tarar da bukkoki a buɗe, turaku ba shanu, toka ta huce. Masan nan mai tsafta an rufe shi da farantinsa, an ɗora dutse. Muka sunkuya kan ƙasa. Tun hantsi suka tashi, sun yi gabas, hanyar Basirka, inda 'yan'uwan Hapsatu suke. Ga sawun shanu, ga jaki da kaya, ga Hambali a gefe, ga manyan yaran uku. Ƙaramar ƙafa mai karkata ciki babu ita.

Na sake dubawa, ban gan ta ba. Baba ya nuna sawun Hapsatu da sandarsa, ya nutse ta wajen yatsu fiye da na da.

"Goye take da ita," ya ce. "Ba a goya gawa. Ƙafata ba za ta kai ba, kai ka bi su. Ka faɗa masa duka."

Na bi su da jarka a kafaɗa. Ban taɓa bin sawu mai sauƙi kamarsa ba, ba kuma wanda ya fi shi nauyi. A gindin wata tsamiya sun huta, na ga inda aka sauke yarinyar, taku bakwai ta yi, hagu tana karkata ciki, aka sake ɗaukar ta. Na tsaya a kan taku bakwai ɗin nan na yi hamdala.

Rana tana gab da faɗuwa na cim musu a bakin titi, sun sauke kaya. Hambali ya amsa sallamata. Na ajiye jarka na tsuguna, na faɗa masa duka kamar yadda Baba ya ce: an buɗe fanfo, an wanke sunansa a gaban gari, mahaifina ne, mai gari yana roƙon ya dawo. Hapsatu ta ɗauki jarkar ta zuba a kofi, Kubra ta sha kaɗan, ta mayar da kai kafaɗar uwarta. Idanunta sun faɗa, amma tana kallona.

Hambali ya dubi shanunsa. Bai zagi Baba ba, ya ce tsoho ne, Allah ya rufa masa asiri. Sannan ya tambaye ni yaushe na gane.

Na ce Talata.

Ya gyaɗa kai. "Ranar Laraba da yamma ta fara," ya ce.

Ya juye sauran ruwan a tulunsu, ya miƙo mini jarkata, ya yi mini godiyar hanya. Da gari ya waye suka ci gaba, ba su dawo ba.

Masu duba gari sun zo a kan lokaci, suka tarar da sababbin ramuka a gefen zauruka, suka yaba mana, allonmu yana nan. Fanfo ba sarƙa yanzu. Inda rugar take an shuka gyaɗa, hanyar kasuwar Dingaya kuma ta tsakiyarta ta bi. Kowa yana wucewa ta nan, ni ta gefe nake bi.